Bazarar da Labo Ya Sauka a Zaurenmu

Bazarar bana ta zo da irin zafin da na sani. Tun hantsi iska ke tsayawa cik, kaji su buɗe baki su lafe ƙarƙashin rumbu, in ka taɓa murfin tukunya sai ka janye hannu. Cikin wannan zafin jikata Hadiza ta zo hutu daga Maradi, inda take karatun iniversite. Ta zauna gefen tabarmata ta turo mini salula gaban fuska, wai in ga ɗakin da suke aikin hannu, labo suke ce masa. Na ga tebura farare, samari da ƴan mata kowa ya duƙufa kan wani ɗan allo. Na kuma ga wani zare ɗaure a wuyan hannunta, an ja shi an maƙala jikin tebur.

Na ce, "Laihin mi kika yi aka ɗaure ki kamar akuya?"

Ta yi dariya ta fara yi mini bayani, wai akwai wata wuta da ke taruwa a jikin mutum. Na ce ta dakata. Na ce wannan karatun na yi shi tun uwarta ba ta san za ta zama uwarta ba, kuma ban taɓa taka ƙofar lakkol ba, wato makarantar boko. Ta ce to in faɗa ta rubuta. Ga shi ina faɗa. Na kuma gaya mata in ta ƙara gishiri zan sani, don zan sa wani ya karanta mini.

Shekarar fari ta biyu ce, zamanin soja, muna nan Urafan cikin gidan nan, sai dai a lokacin duk danga ce ba katanga ba. Daminar da ta gabata hatsi ya fito ya kai gwiwa, ruwa ya ɗauke, muna kallo ya yi fari ya kwanta. Abin da muka tsinto a gona bai kai mu tsakiyar rani ba. Ƙananan yarana na tura su kudu wurin ƴar'uwata, inda ake ɗan samun rogo. Gida ya rage daga ni sai Hinda, ƙanwar maigidana, wadda mijinta ya rasu ta dawo mana da bakinta da ba ya gajiya.

Aikinmu a jere yake. Da asuba rijiya, tun layi bai yi tsawo ba. Guga ya daɗe yana tafiya kafin ka ji ya taɓa ruwa, ya fito rabinsa laka. Daga nan sai daji, tsinkar anza. Wanda bai ci dilo ba bai san wannan shekarar ba: ƴaƴan anza ne, a ɓare, a dafa, a jiƙa, a yi ta sauya ruwa kwana da kwanaki kafin ɗacin ya fita ya ciwu. Wani lokaci motar taimako ta zo da jar dawa, soja ya tsaya bakin layi da dorina, a auna wa kowane gida. Tuwonta kamar kana tauna bango, amma yana riƙe ciki. Ga kuma ɗan bedi, itacen dogon-yaro, da hukuma ta raba, kowane gida guda, aka ce duk wanda nasa ya mutu zai yi bayani gaban kumandan. Mu da ba mu ƙoshi da ruwa ba muna shayar da itace. Namu yana bakin zaure, ruwan wanke-wanke da na alwala nake tara masa.

Maigidana ya tafi arewa tun farin farko, ya ce damina ɗaya zai yi ya dawo. Saƙo ya zo sau biyu, daga nan shiru. Ba a ce ya mutu ba, ba a ce yana raye ba. Liman ya taɓa gaya mini ina da damar a raba auren, na ce na ji. Ya bar buzunsa, fatar ragon layya ce mai gashi fari, a kanta yake zama cikin zaure ya amsa gaisuwa. Kullum in na gama shara sai in kakkaɓe shi in shimfiɗa a wurinsa, da magariba in naɗe. Ba wanda ya sa ni. Duk wanda ya leƙo ya ga buzun ya san gidan yana da mai shi.

Sai ɗan farina. Ba na kama sunansa, kuma ba na tsayawa hira da shi, haka muka tashi muka ga ana yi. In kun ga sunan a takardar nan, daga bakin wasu ya fito. Shi lakkol ta ɗauke tun yana ƙarami, ta yi ta tura shi gaba har Yamai. Shekarar da ya fara dawowa hutu da gemu, na ce wa Hinda, yana tsaye yana ji, "A ce wa yaron nan ya zauna wurin, ya riƙe wa mai wurin kafin ya zo." Tun daga ranar in yana gida bai taɓa zama ko'ina a zaure ba sai kan buzun.

A waccan bazarar ya dawo ba lokacin hutu ba. An yi wata rigima tsakanin ɗalibai da hukuma, soja suka rufe iniversite, aka ce kowa garinsu. Ya zo a rame, ba ya magana. Hinda ce ta tono mini abin da ke cikinsa, muna kan hanyar rijiya.

Ta ce, "Ɗanki Lawali a littafi ba mai kama shi. Amma bara ya faɗi gwajin hannu, in ya sake faɗi bana korar shi za su yi. Kuma ya je ya yi magana da mutumin nan da ke kwasar samari zuwa arewa. Ya ce in hannunsa bai yi ba, gara ya bi hanyar Yaya, babansa, ko ya ji labarinsa."

Tulun da ke kaina ne kawai na ji ya ninka nauyi. Hanyar nan ta ci mini mutum ɗaya, na san yadda take ci.

Ranar kasuwa ta zagayo sai ga wani gajeren mutum ya sauko daga saman kamyo, babbar motar kaya, da akwatin ƙarfe da batirin mota. Mushe Sule ke nan, mutumin wajen Mayahi, ɗan makiyayan garin El Allassane Maireyrey. Shi ke koya musu aikin hannu a labo, mushe kuwa shi ake ce wa malamin lakkol. Ya durƙusa bakin danga ya gaishe ni yadda ya kamata, ya ce shi shekara ba za ta mutu a hannunsa ba. Ya tattaro ɗalibansa na yankin nan, kuma Urafan ce tsakiya. Zaure yake roƙo. Abin da kowa ya haɗa a nan, shi zai duba ya ba da maki in an buɗe. Tare da shi akwai samari biyu ƴan Tasawa, da wata yarinya siririya mai kaifin baki, Zainabu, ɗiyar garin Hawandawaki. Ita ce daga baya ta zama surukata, uwar wannan mai rubutun, amma a ranar da na gan ta na ce a raina duk gidan da ta shiga sun shiga uku.

Na ce, "Mushe, ka ga shekarar da muke ciki. Kowa ya kawo tiyarsa ta hatsi. Yarinyar ɗakina za ta kwana. Randa kuwa ba mai taɓa ta sai da sanina."

Ya ce, "An gama, Inna. Saura roƙo guda. Akwai ƙarfen da zan kafa a ƙasa, kuma yana son laima."

Na ce, "Ƙarfe ke shan ruwa a garinku?"

"Ba shi sha da yawa."

"A nan ko ɗigo ba shi samu."

Ya duba nan ya duba can, idonsa ya faɗa kan bedin hukuma. Ya ce to ai ga wanda ake shayarwa dole, a bar ƙarfen ya yi maƙwabtaka da shi. Aka buga shi gindin bedin, aka ɗaura masa waya aka ja ta cikin zaure. Hinda ta ce yanzu kumandan ya samu ɗan haya.

Da aka buɗe akwatin ban shiga ba, ba na shiga zaure in da maza. Amma akwai wata ɓula a jikin zanar da ta raba zaure da cikin gida, daidai inda nake ajiye turmi, kuma idona ba ya barin abu ya wuce a gidana. Na ga alluna masu huji-huji kamar rariya. Na ga wasu ƴan abubuwa masu zane ja da rawaya da shuɗi kamar tsakiyar da ake sa wa jarirai. Na ga ƴan fitilu jajaye kamar idon zakara, da wani agogo mai allura ɗaya da igiyoyi biyu. Daga can ƙasan akwatin Mushe ya fito da wani ƙunshi na takardar azurfa, ya buɗe a hankali kamar mai buɗe laya. Wasu baƙaƙen abubuwa ne masu ƙafafu jere gefe da gefe. Su suna da sunan da suke ce musu da faransanci. Ni na ce kaska, kuma kafin mako ya fita har Mushe kaska yake cewa.

Ya raba wa kowa nasa kason ya ce babu ƙari, ko a Yamai sai an jira jirgi. Hadiza ta ce mini yanzu a labonsu cikin kwali suke, in ɗaya ta mutu a jefar a ɗauki wata, ga iska mai sanyi na busa su. To mu a lokacin kowace kaska an san mai ita.

Dokokinsa ba su da yawa. A cire takalmi. A zauna ƙasa. Kafin a taɓa kaska a taɓa wayar bedi. Aikin da ya ba su shi ne kowa ya haɗa allonsa yadda fitilun za su riƙa kamawa ɗaya bayan ɗaya, in sun kai ƙarshe su komo farko, su kaɗai ba mai taɓa su.

Gidan da ya yi shiru kamar maƙabarta sai ya cika da hayaniya. Da sassafe su fara, tun zafi bai sauko ba. Babu lantarki, don haka ƙarfen narka dalma a murhuna ake gasa shi, kuma kullum sai an yi faɗa da Hinda kan garwashi.

"Ku da ba ku kawo ko kara ɗaya ba, kun zo kun tsoma mini tsinke cikin wuta."

Zainabu ta ce, "Goggo, tsinken nan ya fi ludayinki daraja."

"To ki kwashe tuwo da shi in gani, ƴar nema."

Warin dalma ya gauraye da warin dilo, har yau in na ji ɗaya sai hancina ya nemo ɗayan. In rana ta take tsaka su tashi, gumi na ɗiga daga haɓa, su kwanta inuwar rumbu. Da la'asar samarin su karɓe mana jan guga, su huɗu a igiya ɗaya har da Mushe, suna waƙar da ban san kanta ba. Tun da aka fara farin nan ban taɓa ganin randata cike har wuya ba sai a lokacin. Ranar kasuwa kuma su ɗauki batiri a ka, ana karɓa-karɓa, a kai wa direban kamyo ya ɗura masa ƙarfi. Da yamma mu zuba dambun jar dawa da ganyen yaɗiya, maza nasu mu namu, ana jiyo dariyarsu har gidan liman. Yunwa tana nan ba ta je ko'ina ba, amma ta samu abokan zama.

Wata rana wani jandarma ya zo, wai an ce ɗalibai na taro suna haɗa abin magana da ƙasar waje. Ya tsaya ƙofar zaure da takalminsa, Mushe ya ce masa cikin ladabi sai ya cire. Ya cire kuwa. Ya duƙa ya kalli allunan ya kalli agogo mai allura, ya tambayi abin da ya tambaya. Washegari ya dawo da rediyonsa da ta mutu, naɗe cikin tsumma.

Na ga malamai iri-iri, amma ban ga mai koyarwa kamar Mushe Sule ba. Hannuwansa kullum a bayansa suke. Ko ɗalibi zai yi kuka ba ya taɓa masa allo. Sai dai ya tsaya kansa ya ce, "Auna ka gani." In ɗalibi ya fara zuba masa faransanci ya ce, "Ban tambaye ka abin da littafi ya ce ba. Mi allura ta ce?" Ni da nake bayan zana har na gane in allura ta kwanta ba ta motsa ba, to hanyar ta yanke a wani wuri, sai a bi ta gaɓa-gaɓa kamar mai neman inda danga ta ɓalle.

Na Zainabu ne ya fara kamawa. Ta fito tsakar gida da allon a hannu tana rawa, fitilun na bin juna. Daga baya na ƴan Tasawa suka kama. Na yaron nan kuwa shiru. Ya fi kowa tsabtar aiki, wayoyinsa a miƙe kamar an yi kitso. Amma da ya dasa kaska aka haɗa batiri, ba abin da ke motsi. Mushe ya sa shi ya auna, a gane kaskar ce ta mutu. Ya sa wata, ita ma haka. Hinda ta samo wani ɗan ƙoƙo tana tara gawarwakin, tana cewa in sun cika za a kira liman. Da farko yana dariya. Daga baya ya daina. Na gan shi ranar kasuwa ya daɗe tsaye da mutumin nan mai kwasar samari. Sai Zainabu ta gaya mini a ɗaki cewa kasonsa saura guda.

Washegari da la'asar, da samarin suka tafi rijiya, na ce Mushe ya tsaya ina da magana. Na tsaya bakin zana, shi yana ciki, Zainabu na naɗe wayoyi.

Na ce, "Yaron nan, hannunsa ne ba shi da kyau?"

Ya ce, "A'a, Inna, hannunsa lahiya lau."

"To kansa ne?"

"Kansa ya fi nawa."

"To mi ke kashe mashi kaska?"

Ya fara zagaye-zagaye, wai iska ta bushe, wai shekarar ce, wai kayan ba su son zafi. Zainabu ta ajiye wayar da ke hannunta ta ce, "Inna, buzun ne."

Mushe ya harare ta. Ni kuma na harare su duka biyun. Na ce buzun da aka yi shekaru ana salla a kansa ne zai kashe abu? Mushe ya ce ba zai gaya mini ba, sai dai in auna in gani. Ya ce in kawo matajina na roba da ɗan ƙaiƙayi. Na kawo. Ranar na shiga zaure. Ya ce in zuba ƙaiƙayin ƙasa, in goga matajin a gashin buzun da hannuna, da ƙarfi, sannan in kusantar. Na goga na kusantar. Ƙaiƙayin ya tashi tsaye, ya yi tsalle ya manne wa matajin. Ban taɓa shi ba, ba kuma iska. Na sake gogawa, ya sake tashi. Na goga matajin a ƙasa na kusantar, bai kula ni ba.

Mushe ya ce, "Wannan wutar ba ta ƙona mutum. Amma hanyoyin da ke cikin kaska sun fi gashin jariri siranta, abin da ya ɗaga ƙaiƙayin nan ya isa ya ƙone su. Wanda ke ƙasa, wutar na tsiyayewa ƙasa ta shanye. Wanda ke bisa gashi, da ya motsa ta sake taruwa. Yana taɓa wayar bedi, amma in aiki ya ɗauke mashi hankali ya gyara zama, shi ke nan."

Na ce, "To mi ya hana ka gaya mashi?"

"Na gaya mashi sau ɗaya. Ya ce wurin babansa ne. Ni baƙo ne, Inna, tuwonku nike ci. Ba ni zan tada magaji daga wurin ubansa ba."

Zainabu ta ce, "Ya sani sarai, ya fi mu sanin abin. Ya ce ke kika zaunar da shi. In ya sauka kina gani, kamar ya ce miki babansa ba shi dawowa. Ya ce gara a kore shi."

Na mayar da matajin cikin ɗankwalina na fita.

Na iske Hinda bayan ɗaki tana sauya wa dilo ruwa. Na tsuguna na kama mata ƙwaryar. Na gaya mata abin da na gani, na ce buzun na ɗan'uwanta ne, ba zan ɗauke shi ba sai da bakinta.

Ta ɗago ta dube ni. Ta ce, "Yaya ciki ɗaya muka fito. Na yi kukana na gama tun da daɗewa, na bar ki ne don kowa da irin kukansa. In yana da rai, ranar da ya zo ya san inda ake aje buzu a gidan nan. In ba shi da rai, ba shi jin taurin ƙasa. Wanda ke gaban idonki shi ne za shi tahi." Sai ta ƙara da cewa, "Riƙe ƙwaryar da kyau, kina zubar mana da abinci."

Da gari ya waye na share zaure kamar kullum. Buzun na bar shi a naɗe, na ɗora bisa randar kayana a ɗaki. Na ɗebi ƙwarya guda ta ruwan sha na yayyafa wa ƙasan zauren, don na ji Mushe ya ce laima na taimako. Hinda ta gan ni.

"Yau kuma ƙasa ake ba ruwan sha?"

Na ce, "Hannuna ne ya kuɓuce."

"Ya iya kuɓucewa kuwa, kusurwa-kusurwa."

Suka zo suka cire takalma. Yaron nan ya shigo ya tsaya yana kallon wurin. Ina bakin turmi, ban ɗaga kai ba. Ya leƙo ta ƙofar cikin gida ya ce, "Goggo, ina buzun?"

Hinda ta ce, "Tambayi mai shimfiɗa shi."

Ba zai tambaye ni ba, ni ma ba zan amsa masa ba. Na dubi taɓaryata na ce, "A ce wa yaron nan ya zauna. Ƙasar ma ta ubansa ce."

Ya daɗe tsaye. Sannan na ji ya koma ya zauna. Ta ɓular zana na ga tafin ƙafafunsa a kan danshin ƙasa. Mushe ya buɗe takardar azurfa ya miƙa masa ta ƙarshe, ya mayar da hannuwansa baya. Yaron nan ya taɓa wayar bedi, ya ɗauki kaskar, ya dasa. Aka haɗa batiri.

Ba abin da ya kama.

Yaron nan ya fara miƙewa, Mushe ya ce, "Ina za ka? Auna." Ya koma ya ɗauki igiyoyin agogon, yana bin allon gaɓa-gaɓa, gumi na sauka kan hancinsa. Rana ta yi sama, sauran suka ƙi tashi shan inuwa. Can na ji ya ce, da wata murya da na daɗe ban ji ba, "Tana da rai. Waya ce guda na sa a hujin maƙwabcinta." Ya zare ta ya mayar inda ya dace.

Fitilar farko ta kama, ta mutu, ta biyu ta karɓa, ta uku, suka bi juna har ƙarshe suka komo. Hinda ta rangaɗa guɗa. Maƙwabta suka shigo da gudu suna tambayar wa ya haihu. Ta ce musu Lawali ne, kuma duk jajaye ya haifa. Ƴan Tasawa suka ɗaga shi sama har kansa ya bugi azara.

Da hayaniya ta lafa, ya shigo cikin gida da allon, ɗaya daga cikin samarin na biye da shi da batiri. Ya ɗora bisa bakin turmina ya ce, "Goggo, ko akwai mai son gani." Na duba. Na daɗe ina dubawa, suna ta zagayawa kamar ƴan mata a dandali. Sannan na ce a ɗauke mini shi daga kan turmi, daka zan yi. Ba ko ƙwaya a cikin turmin, kuma kowa ya gani.

Ba a daɗe ba gabas ta haɗe. Iska ta fara kawo ƙanshin ƙasa tun ruwan bai iso ba, awakin da suka rage suka ɗaga hanci. Da ya sauko, bai yi wasa ba. Muka fitar da duk abin da ke riƙe ruwa, har akwatin Mushe an juye shi an tara. Na fasa tulun iri da na liƙe da laka tun kaka. Washegari labo gaba ɗaya ya koma gona: samari a gaba da sungumi, ni da Hinda da Zainabu a baya muna jefa iri muna rufewa da diddige. Mushe ɗan makiyaya ne, layinsa ya yi ta karkata kamar sawun maciji, Hinda na bin sa tana cewa, "Auna ka gani, Mushe." Gonar da mu biyu za mu yi kwanaki a kanta, aka gama ta laima ba ta gudu ba.

Hatsi ya fara rufe ƙasa rediyon jandarma da suka gyara masa ta ce an buɗe iniversite. Sai dai yaron nan bai ce wa kowa komai ba, kuma na san ya ba mutumin arewa baki. Zancen neman labarin ubansa bai mutu don fitila ta kama ba. Ranar kasuwa motoci biyu ke tashi daga Urafan: ɗaya ta yi Tasawa inda ake kama hanyar Yamai, ɗaya ta yi arewa. Da safe ya zo da jakarsa ya durƙusa nesa da ni. Na ce Allah ya kiyaye hanya. Ban tambayi wace hanya ba. Uwa ba ta rakiya tasha, Hinda ce ta bi su.

Ta dawo bayan azahar, an ɗan yi yayyafi. Ta zauna ta ce a ba ta ruwa. Na ba ta. Ta ce gishiri ya yi tsada. Ta ce matar mai unguwa ta sa wani zane kamar buhun taimako. Ina tsaye tsakar gida da ludayi a hannu.

Na ce, "Motocin sun tashi?"

"Sun tashi."

"Ta arewa ta cika?"

"Maƙil. Har da ɗan maƙeri, da ƴaƴan gidan liman biyu. Uwarsu na ta kuka."

Ta sake kurɓar ruwa. Ta duba cikin ƙwaryar kamar ta ga wani abu.

Na ce, "Hinda."

Ta ce, "Ta Tasawa ma ta cika. Yana can saman buhunan gawayi, ya rungume akwatin Mushe kamar jariri, ɗiyar Hawandawaki na yi mashi faɗa wai bai iya riƙo ba."

Na zauna nan inda nake, cikin laka, da ludayin a hannu, dariya ta kama ni. Na yi ta yi har hawaye, na kasa tsayawa. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta saman danga a tsorace ta ce, "Lahiya?"

Hinda ta ce, "Lahiya lau. Ku bar ta, ta daɗe ba ta yi ba."